Gurbin Ado Damina a Sahun Farko

Ina rumfata a Kasuwar Kurmi ranar Talata da hantsi, ina auna wa wani baƙo almiski, sai ga Nasiru ya tsaya a bakin rumfar ya ƙi shigowa. Nasiru shi ne babban ɗan Malam Ado, malamin firamare ne, kuma ba ya barin aji a irin wannan lokaci. Ya durƙusa ya ce, "Baba Alhaji, jikin ya ƙi. Allah ya yi wa Baba rasuwa yanzu." Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake faɗa, hannuna kuwa bai daina tsiyaya ba har kwalbar baƙon ta cika ta zubo a kan tabarma. Shekara arba'in ina wannan sana'a ban taɓa zubar da ɗigo ba. Da marigayin ya gani da ya yi dariya, don ya sha faɗa cewa ranar da aka ga Tijjani ya yi asarar turare, a bincika, wani babban abu ya faru a gari.

Ni ne Tijjanin. Marigayi Malam Ado mai wankin hula, wanda duk unguwarmu ta Madabo ta fi sani da Ado Damina, sa'ana ne kuma maƙwabcina, katanga ɗaya ce ta raba gidajen iyayenmu. Rana ɗaya aka yi mana kaciya, malami ɗaya ya zane mu a makarantar allo, ko da yake ya fi ni shan bulala don ba ya iya riƙe dariya. Yau kwana bakwai da rasuwarsa. An ce in rubuta wani abu saboda 'yan'uwa na nesa da ba su samu jana'iza ba, na kuwa karɓa da sauri, don akwai shaida a wuyana game da tuban mutumin nan, kuma ina so ta kai inda muryata ba ta kai ba.

Na san an hore mu da ambaton alherin mamata. Amma shi da bakinsa ya ce in har zan ba da labarinsa kada in yi masa kwalliya, don yaran unguwa su ji su kiyaye. Saboda haka zan faɗa: Ado ya sha giya, ya kuwa daɗe yana sha. Ya fara ne yana saurayi, lokacin da ya samu aiki a wata masaƙa a bayan gari, ya haɗu da abokan da ba su san gidansu ba. A cikin birni ba a kiran abin da sunansa idan ɗan mutunci ne ya faɗa ciki. Sai a ce wane yana fita waje, a yi shiru, a sake zance. Ado ya fi shekara ashirin yana fita waje.

Yana da dabarun ɓoyewa, kuma dabarun ne suke tona shi. Zai cika baki da kanumfari da goro har da tafarnuwa, ya shigo lungu da yamma a miƙe ƙyam, irin miƙewar da babu mai cikakken hankalin da yake yi. Gaisuwa kuwa sai wanda ya gaji. Zai tambaye ka gida, ya tambayi iyali, ya tambayi kakarka da shi da kansa ya ɗauki makararta. Wata shekara ana gobe Babbar Salla ya tsaya ya gaisa da ragon Liman da ke ɗaure a ƙofar gida, ya yi masa fatan ganin baɗi. Mun yi dariya a lokacin. Abin da ba na dariya ba shi ne masaƙa ta sallame shi, matarsa Hajara ta yi yaji sau uku tana dawowa saboda 'ya'ya, mahaifinsa Malam Habu ya rasu bai ga shiryuwarsa ba. Sannan masu rabon goron gayyata suka fara tsallake ƙofarsa. Wanda bai tashi a birni ba ba zai san zafin wannan ba: a yi suna a gidan da kake jin kukan jaririn daga ɗakinka, a ba kowa goro, kai a wuce ka. Wankin hula ma ya koya ne don ita ce sana'ar da za a miƙo maka aiki daga nesa a tafi.

Ya taɓa dainawa sau ɗaya, a wancan mulkin farar hula na baya. Da sojoji suka dawo shi ma ya koma, ya ce baƙin cikin ƙasa ne ya yi masa yawa. Don haka ranar da soja suka sake miƙa mulki, muna zaune a dakali mun kewaye rediyo, da Ado ya zo ya tsaya a kanmu ya ce, "Tunda soja ya iya sakin mulki, ni ma na saki kwalba," babu wanda ya ɗaga kai. Wani ya ce ai soja tafiya yake yi ya dawo, ba yau aka fara ba. Ni kuwa na ce tuban muzuru ne, a dai rufe kaji. Na faɗi wannan ne don a san irin bakin da nake da shi.

Ashe da gaske yake. Ya shiga ɗaki ya miƙa wa Hajara mukulli, ya ce ko rantsuwa ya yi mata kada ta buɗe. Kwana goma sha biyu yana ciki. Ta katanga ina jin haƙoransa suna haɗuwa, ina jin yana korar ƙadangarun da ya ce sun shigo masa sanye da huluna suna neman a yi musu guga. Matan lungu suka ce aljanu ne, aka yi ta aiko da hayaƙi. Da ya fito ya rame ya yi baƙi, hannunsa yana rawa, gumi yana zuba masa kamar an kwara masa bokiti. Muka ce na 'yan kwanaki ne. Rawar hannun ta ragu, gumin kuwa ya samu wurin zama.

Daga nan ya samu sunan Damina. A tsakiyar sanyi, mu muna ƙudundune muna jin wuta, shi yana fifita. Tawul uku yake fita da su, ɗaya a wuya, ɗaya a ka, ɗaya a shanye yana jiran layi. In ya tashi daga dakali sai ka ga hotonsa kwance a siminti. Musabaha da shi kuwa gwajin tarbiyya ce: ka karɓi hannun, ka yi murmushi, ka jira ya juya kafin ka goge a bayan riga. Ya san ana yi. In aka tanka yakan ce abin da ya zuba ta baki ne yake fita ta fata, a yi haƙuri, randar babba ce. Wuyansa da hamatarsa duk sun yi ƙuraje saboda jiƙa, ba ya samun barci sai an sake masa shimfiɗa, amma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Allah da ikonsa, dawowar siyasa ta buɗe masa kasuwa. Duk wanda ya taɓa riƙe wa wani jaka ya zama ɗan takara, kowane ɗan takara kuma hula goma yake so a sati. Ado ya iya aiki. Zai wanke hula da buroshi da sabulu, ya sa mata sitati, ya ɗora ta a kan katako ta sha rana, sannan ya yi mata karin da mai ita yake so ba tare da ya tambaya ba. Sai dai ɗigo ɗaya na gumi ya isa ya ɓata aikin yini. Saboda haka ya yanka kwali ya yi wa kansa malafa mai indararo ta baya, yana guga ruwa yana bin bayansa. Ya ce ya fi gidan rediyo sanin siyasar Kano: kafin zaɓe hula tana zuwa masa a jiƙe, in mai ita ya ci sai ta fara zuwa a bushe da sanyin ofis, in ya faɗi sai ta daina zuwa. Hulunan tsofaffin lungu kuwa, duk jajiberin Salla zai bi gida-gida ya karɓa, ya wanke, ya mayar, in ka taɓa aljihu ya ce ka raina shi.

Da ya cika shekara guda bai sha ba, sai ya je wurin Liman da buƙata guda ɗaya. Kowa ya san a addini babu gadon sahu, wanda ya riga zuwa shi ke da wuri, Liman ma yana faɗa mana haka duk azumi. Amma a masallacin lungunmu sahun farko yana da masu shi. Kowane dattijo da wurin da ubansa ya tsaya, baƙon da ya yi kuskure kuwa za a yi ta yi masa gyaran murya har ya gane. Wurin Malam Habu shi ne na uku daga bayan Liman ta hannun dama. Na huɗu na mahaifina ne. Da Malam Habu ya rasu ɗansa yana fita waje, sai na ɗan matsa na cike gurbin, na kuwa ji daɗin wurin, don iskar fanka tana kaiwa nan. Abin da Ado ya roƙa shi ne a bar shi ya tsaya inda ubansa ya tsaya.

Dattawa suka zauna, aka rasa mai cewa e, aka rasa mai cewa a'a. Ƙarshe wani ya ce ai ba sai an wahala ba, tunda Allah ya ba unguwa hanci. Ni ke nan. Ba yabon kai ba, daga bakin lungu nake faɗar gidan da aka ƙona miya, kuma har yau ba a haifi wanda zai sayar mini da turaren sandal da aka surka ba. Aka shirya cewa bayan la'asar za a kira Ado zauren Liman, in rungume shi da sunan gaisuwa, in shinshina a asirce. Asirin bai kai la'asar ba. Ado ya shigo da wankakkiyar riga, tuni kafaɗunta sun jiƙe, ya gaida kowa, ya zo gabana ya ɗaga hannuwa sama da kansa ya ce, "Bismillah, likita."

Na shinshina. Zan faɗi abin da na ji, ba ragi ba ƙari. Na ji gumi, na ji sabulu, na ji sitati, can ƙasa kuma a numfashinsa na ji wani ɗan wari mai zaƙi-zaƙi da ban san shi ba. Amma ba giya ba ce. Shekara ashirin ina jin warin giya a jikin mutumin nan, ko daga barci aka tashe ni na san shi. Sai dai a daidai lokacin idona ya sauka a kan jiƙaƙƙiyar kafaɗarsa, daga nan ya koma kan farar shaddata. Mai turare rigarsa ce tallarsa. Na hango kaina sau biyar a rana kafaɗa da kafaɗa da Damina, ga shi kuma na bar wurin fanka. Liman ya tambaye ni me na ji. Na ce, "Allah gafarta Malam, akwai dai ɗan wani abu."

Iyakar abin da na faɗa ke nan, na kuma yi shekaru ina lallashin kaina cewa ban yi ƙarya ba. Dattawa suka yi ajiyar zuciya a tare, don kowa yana da shaddar da yake tausayi. Liman ya ce Ado ya ƙara haƙuri zuwa gaba. Ado ya dube ni, ba kallon fushi ba, ya gyara tawul ɗinsa ya ce Allah ya kai mu gaban, ya fita.

Tun daga ranar ya koma salla a waje da 'yar tabarmarsa, a bakin ƙofa inda ake tuɓe takalma. Shekara shida. Yakan riga ladan zuwa, masallaci babu kowa, da ya so da ya shige ya zauna, babu mai iya ɗaga shi. Nasiru ya sha ba shi wannan shawara, shi kuwa ya ce wurin da aka hana shi ta ƙofa ba zai shiga ta taga ba. Maimakon haka ya ɗauki aikin jera takalma, ya juya su su fuskanci hanya, na tsofaffi a kusa. Yana cewa, "Na san kanku, na san ƙafarku. Abin da ke tsakani ne ban sani ba, shi kuma na Allah ne." A shekarun nan ko silifa ɗaya ba a ɗauke ba, abin da ba mu taɓa gani a masallacin ba.

Maganata kuwa ta yi ƙafa. Ɗan wani abu da na faɗa a Madabo, kafin ya kai Yakasai ya zama kwalba, kafin ya kai Ƙofar Ruwa ya zama katan. Goro ya ci gaba da tsallake gidansa. Lokacin da aka tsananta wa masu shaye-shaye a gari, wasu samari masu zafin kai suka dira rumfarsa da rana tsaka, suka zaƙulo wata kwalba daga ƙarƙashin tebur. Ado ya ce sitati ne. Babbansu ya ce ba za a yi musu wayo ba, ya kafa kai ya kurɓa. An ce har magariba harshensa bai lanƙwasu ba. Ado ya ba mu labarin yana dariya har da hawaye, amma iyalina ta ji a wurin Hajara cewa kwana biyu bai taɓa tuwo ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai daina wanke mini hula ba, kuma tawa ta fi ta kowa kyan kari. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Sai dai duk ranar da zai miƙo mini ita, zai riƙe ta da yatsu biyu nesa da jikinsa ya ce in shinshina tukuna, ko akwai ɗan wani abu. In yi dariyar yaƙe in karɓa.

Bara idanunsa suka fara yin rawaya, ƙafafunsa suka kumbura, daga baya ciki ya taso. Ko a nan bai bar barkwanci ba. In aka zo dubiya sai ya shafa cikin ya ce wata bakwai ne, a fara neman rago, wannan karon shi zai raba goro kuma ya san ƙofofin da zai tsallake. Nasiru ya kai shi asibiti. Ni ba likita ba ne, abin da Nasiru ya faɗa mini zan maimaita. An ce hanta ce ta lalace, tsohuwar giyar ce ta cinye ta a hankali, kuma ko an daina sha ba lallai ne ɓarnar ta gyaru ba. Gumin da rawar hannun ma likitan yana kyautata zaton daga can suka samo asali. Sai Nasiru ya ƙara da cewa ya yi tambaya game da wani ɗan wari da ke numfashin babansa, likita ya ce na ciwon hanta ne, yana fita ko mutum ya shekara nawa bai sha ba. Yaron yana da ladabi, kansa a ƙasa ya faɗi wannan. Amma ni ya zaɓa ya faɗa wa.

Washegari da hantsi na je dubiya. An kwantar da shi a ɗakin soro saboda masu zuwa, ko da yake masu zuwan ba su da yawa. Ina cikin gaishe shi Hajara ta yi sallama daga bayan labule. Muka gaisa, na yi mata ya mai jiki, sai ta ce, "Alhaji, shekara bakwai ni nake wanke kayan Malam, ni nake yi masa shimfiɗa, ni na riƙe mukulli. Ko ɗigo bai sha ba. Da dattawa sun aiko an tambaye ni da na faɗa. Amma suka ga gara su tambayi hanci." Ta turo ruwa ta koma ciki. A rayuwata ba a taɓa yi mini wankin babban bargo da murya mai sanyi irin wannan ba. Gaskiya ta faɗa, mu takwas a zauren Liman babu wanda ya tuna mutumin yana da mata.

Na matsa kusa da shi na faɗa masa komai, har zancen fanka ban rage ba. Ya saurare ni yana goge wuya.

"Tijjani, ai na sani tun a ranar," in ji shi. "Kafaɗata ka kalla, sannan ka kalli rigarka. Ni mai wanki ne, na san idon mai tsoron tabo."

Na tambaye shi me ya hana shi tona ni a gaban dattawa.

"Wa zai bar maganar mai turare ya kama ta mashayi? Kuma in gaya maka gaskiya, shaddar tana da kyau. Ko ni ne a cikinta sai na yi tunani."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ni kuwa na kasa. Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe duniya da lahira, amma da sharaɗi: in ta Allah ta kasance ni zan sa wa likkafaninsa turare, kuma na ainihi, ba irin wanda nake ɗura wa 'yan siyasa ba. Na ce ya bar wannan magana, zai tashi ya tsaya a wurin ubansa, ni da kaina zan miƙe a masallaci in warware abin da na ƙulla. Ya ce, "To ka hanzarta. Ba don wurin ba, ƙafafun nan ba za su ƙara kai ni ba. So nake a faɗa ina da rai in ji, ko yaran nan sa ɗaga kai."

Ban hanzarta ba. Wannan ita ce magana mafi nauyi a cikin takardar nan. Na samu Liman shi kaɗai na faɗa masa, ya ce abin da aka ɓata a gaban jama'a a gaban jama'a ake gyara shi, in tashi bayan duk sallar da na ga dama. Na ce sai ranar Juma'a. Juma'a ta zo na ga akwai baƙi, na ce ba a tonon silili a gaban baƙi. Wata rana na miƙe har na yi gyaran murya, da idanu suka juyo kaina sai na ji bakina yana sanar da jama'a cewa famfon alwala yana yoyo. Abin da na iya yi kawai shi ne na koma wurin mahaifina, na bar na uku a buɗe. Duk lokacin da Liman ya juyo ya ce a cike sahu, sai in yi kamar ban ji ba, har mutane suka fara tambayar 'ya'yana ko kunnena lafiya. Sati uku ina wannan wasan yara, kullum ina cewa gobe, har ranar Talatar nan ta zo.

Ni da Nasiru da Liman muka yi masa wanka. Na kawo turaren ud ɗin da na ɓoye shekara da shekaru ina cewa sai ranar tawa tafiyar, na juye shi duka. Da na kai hannu goshinsa zan shafa masa na ji shi a bushe, sai a lokacin kuka ya zo mini. Ban san zan yi kewar gumin mutum ba.

Bayan azahar aka fito da makara aka ajiye a filin ƙofar masallaci. Jama'a ta taru fiye da zatona, 'yan siyasa ma sun zo, kowa da karin Ado a kansa. Liman ya matsa zai tayar da kabbara, na ce a dakata mini. Gumi ya keto mini tun daga ƙeya har ya jiƙa mini riga. Na ce, "Jama'a, ni Tijjani ni na ce na ji wani abu a jikin Ado. Ba giya na ji ba, kuma tun a lokacin na san ba ita ba ce. Rigata na ji wa tsoro. Mutumin nan tun ranar da ya ce ya bari, ya bari. Ku shaida." Liman ya sunkuyar da kai ya ce sun ji, Allah ya yafe mana baki ɗaya, don in ni na faɗa, su ma ba su ɓata lokaci wajen yarda ba. Aka daidaita sahu. Mutumin da muka hana tsayawa na uku a bayan Liman, ga shi kwance a gaban Liman, mu duka muna bayansa, aka yi masa kabbara huɗu. An faɗa ɗin kamar yadda ya roƙa, sai dai bai ji ba.

Allah ya jiƙan Malam Ado, ya gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya karɓi tubansa da mu muka ƙi karɓa. Allah ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ya yalwata kabarinsa ya sanyaya shi. Malamai sun gaya mana akwai ranar da kowa zai tsaya cikin guminsa gwargwadon aikinsa, wani iya idon sawu, wani har wuya. Ya Allah, wannan bawa naka ya zubar da nasa a gabanmu, ka sa shi a inuwa a wannan rana. Allah ya ba Hajara ladan haƙurinta, ya raya Nasiru da ƙannensa ya sa su ɗaga kai a lungun nan, don ubansu ya ci jarrabawar da yawancinmu 'yan sahun farko ba a taɓa yi mana irinta ba. Wanda ya karanta wannan, in ya taɓa kai waccan magana gaba, ina roƙonsa ya bi ta inda ya kai ta ya ce ƙarya ce, Tijjani mai turare ne ya ce a faɗa. In kuma ya gama yi wa Ado addu'a yana da saura, ya sa ni a ciki. Amin.